Kafin ka ɗora babban inji a tsohon jirgi

Ka ce mai jirgin nan da ke ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Yawuri yana so a sauke masa Yamaha mai ƙarfin doki 40 a ɗora mai 75, kana tambaya ko a ɗora kawai tunda ya riga ya saya. To yaro, ajiye sifana tukuna. Mu fara zuwa mu ga katakon baya, inda injin zai zauna.

Mai 40 ɗin nan nauyinsa kilo 70 da 'yan kai ne, mai 75 kuwa ya haura 100. Nauyin ma da sauƙi. Duk ƙarfin da farfela ke tura jirgi da shi ta wannan katako yake bi, kuma katakon ya shekara da shekaru yana shan ruwa. Ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa shi lungu-lungu. Lafiyayyen katako amsawa yake da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji lub. Soka sukundireba a tsofaffin ramukan noti da kuma ƙasa inda ruwa ke kwanciya. In ta shige, kada ka yarda da maganar a manna masa faranti na ƙarfe a rufe, a kira kafinta ya canza katakon, ya sa masa tokara biyu zuwa haƙarƙarin jirgi. Fenti yana ɓoye abubuwa da yawa, musamman in jirgin sayowa aka yi.

In katako ya yi, sai gwaji. Bar tsohon injin a wurinsa, ka aza buhun yashi na kilo 50 a gindin jirgi, a yi lodi irin na ranar kasuwa, ka duba tazarar da ta rage tsakanin bakin katako da ruwa. In direba ya sauke wuta farat ɗaya, igiyar da ke bin jirgi ta baya take hawowa. Tazarar in ba ta gamsar da kai ba, zance ya ƙare.

Auna ƙafar injin ma: gajeriya inci 15, doguwa inci 20. Farantin da ke saman farfela ya daidaita da ƙasan jirgi. Sannan a huda a ɗaure da noti huɗu da manyan washa. A tafkin Kainji akwai kututturan itatuwa ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin a 1968, inji mai nauyi in ya daki ɗaya a guje, ɗaurin da ba shi da ƙwari ba zai riƙe shi ba.

Ka kuma gaya wa mai jirgin gaskiya, cikin ladabi: dogon jirgin katako mai lodi ba ya tashi saman ruwa. Gudun da zai ƙaru kaɗan ne, gindi zai ƙara nutsewa, mai kuma zai ƙaru sosai. Ni da zai ji tawa, a fara duba farfelar mai 40 ɗin, na ga bakinta duk ya cinye.