Yadda ake kafa allon suna a jikin benci ba tare da an ɓata fanishinsa ba

Hajiya, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan benci ya zame masa sadaka mai gudana. Kin ce na katako ne mai fanish, za a ajiye shi a harabar makaranta, kuma kina so ki liƙa allon tagulla mai sunan marigayin da gam saboda tsoron kada huda ta lalata shi. Na daɗe ina aikin kafinta, kuma shawarata ita ce ki bar gam ɗin nan, domin ɓarnarsa ta fi ta ƙananan huda biyu nesa ba kusa ba.

Dalili shi ne gam ba katakon yake kamawa ba, fatar fanish ɗin yake kamawa. Katako kuwa yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, ita kuma tagulla tana buɗewa idan rana ta gasa ta, saboda haka kowannensu yana jan nasa gefen har allon ya saki. Na taɓa liƙa wani da gam mai ƙarfi a farkon koyona, kafin damina ta biyu ta fita ya faɗo, ya tafi da fanish ɗin, ya bar farin tabo daidai girmansa, sai da na goge katakon gaba ɗaya na sake shafawa. Gam ɗin nan da ake kira silikon, mai warin tsami, shi ma a guje shi, domin yana cin tagulla.

Ki sa a kafa allon da ƙananan sukuru, wato ƙusoshin da ake murzawa, a katakon sama na majinginar, inda ruwa ba ya kwanciya. A fara liƙa salatif na takarda a wurin, a ɗora allon a kai, a yi alamar ramukan da fensir, sannan a huda ta cikin salatif ɗin, wanda shi ne zai hana bakin fanish ɗin tsagewa. Idan kaurin sukurun milimita 3.5 ne, bakin injin huda na milimita 2.5 ya wadatar, kuma a nisanci gefen katakon da kamar santimita 2. Bayan an ɓare salatif a hankali, a ɗiga fanish cikin kowane rami da tsinken ashana, a bari ya kwana, domin ta nan ne ruwa ke shiga ƙarƙashin fanish ya ɗaga shi.

Batun sukurun shi ne inda mutane suka fi kuskure. Na baƙin ƙarfe yana tsatsa, ruwan tsatsar ya gangaro ya zana jan layi da ba ya goguwa. A nemi na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na tagulla yana da laushi, kansa kan karye a katako mai tauri irin maɗaci, don haka nakan fara ɗaura na ƙarfe mai girmansa ya buɗe hanya, in kwance, in goga wa na tagullar kyandir, in ɗaure da hannu, ba da inji ba. Siririn washa na roba, wato ɗan zoben da sukurun ke bi ta cikinsa, tsakanin allo da katako yana barin iska ta ratsa, laima ba ta maƙalewa. A kuma goge kaifin kusurwoyin allon, kada ya yaga hijabin yara.

Idan har zuciyarki ba ta yarda da huda ba sam, a kafa allon a kan wani guntun katako, a zura noti biyu ta ratar da ke tsakanin katakan majinginar, a matse shi da wani guntun ta baya. Ranar goge tagullar kuma a kewaye allon da salatif tukuna, domin man goge tagulla yana dusashe fanish.