Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin kawunan jirgin ƙasa

Jama'a sallama dai. Tunda muka saka hoton tashar jirgin Kano a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, ashe masoya reluwe suna da yawa a garin nan shiru kawai sukai. Na ɗauko guda uku, sauran ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tsohon hoton kakana marar kala, direban jirgi ne, yana tsaye jikin kan jirgi, ana ganin 17 a jiki sauran lambar ta goge. Babanmu yace jirgin kwal ne kawunmu yace na gas ne, har yau in an haɗu da sallah sai an yi wannan musun. Ya za'ai mu gane? (Daga Fagge)

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Wannan musun ai ido kawai zai raba shi. Jirgin kwal jikinsa zagaye ne kamar an kwantar da doguwar ganga, ga bututun hayaƙi a gaba, ga manyan ƙafafu da sandunan ƙarfe a haɗe da su. Na gas kuwa, wato dizal, kamar akwati yake mai kusurwa, da ragar shan iska a gefe, ƙafafunsa ƙanana a ɓoye a ƙasa. In akwati ka gani to kawu ya ci gari, sai dai ka lallaɓa wajen faɗawa Baba.

Sai maganar lamba, kuma nan ne daɗin yake. Ka kai hoton wajen haske ka ƙirga gurbin lambobin, in huɗu ne kuma 17 ce a farko to ina kyautata zaton cikin 'yan 1701 ne da aka kawo daga Montreal ta ƙasar Kanada a farkon shekarun 1970, kaga kenan hoton bai girmi wannan lokacin ba. Haka lambobin suke tafiya dangi dangi. Cikin na gas, na farkon farko su ne 1001 zuwa 1010, guda goma da kamfanin English Electric na Ingila ya ƙera a 1955, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya. Bayansu 'yan 1101 na General Motors suka zo daga Amurka, can kuma zamanin Abacha aka shigo da 'yan 2101 daga Chaina, sai 'yan 2201 na General Electric guda 25 a 2010, wanda su ne yaran yanzu suka fi sani tunda aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012.

Wani abin da mutane basu sani ba, yawancin manyan nan ba man gas ɗin ne yake juya ƙafa kai tsaye kamar tirela ba, injin janareta yake juyawa, janareta ya bada wuta, wutar ta juya injinan lantarki da ke jikin ƙafafun, wato dai ƙaton janareta ne mai tafiya da kansa. Kuma na gas ɗin mu 'yan Arewa ya fi yiwa rana, don shi na kwal sai an ɗauko masa kwal tun daga Inugu sannan ga shan ruwa kamar me, kowace 'yar tafiya sai ya tsaya an ɗura masa, ka tuna kuma yadda rani yake a ƙasar nan.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce, ina son ɗaukar hoton tsofaffin kawunan jirgi da taragun da aka jingine amma waya kawai gareni ba kyamara, kuma ina tsoron kar a kamani. Meye shawara? (Daga Gwale)

AMSA: Ƙanwata tsoron naki yana kan hanya, kuma da shi zan fara. Tasha ba dandali bace, tun harin da aka kaiwa jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022 duk wanda aka gani yana zagaya reluwe da waya a ɗage dole a tambaye shi. Kar ki shiga ta ɓarauniyar hanya, ki je ofis da katin makarantarki, in da hali da takarda daga sashenku, ki tafi da yayanki ko 'yan ajinku, kiyi bayani, in ance a'a ki haƙura ki dawo wani lokacin.

Ni na taɓa shan kunya akan wannan a wata ƙaramar tasha, na hango wani tsohon kan jirgi ciyawa ta fito har ta tagar direba, zumuɗi ya ɗebe ni ko sallama banyi ba na hau ƙyasta hoto, sai ji nai ance kai yaro gidanku ba'a gaisuwa ne? Wani dattijo ne akan benci da 'yar rediyonsa da buta a gefe. Na durƙusa na bashi haƙuri, wallahi kafin la'asar mutumin nan ya zagaya dani jirgin kaf, ashe a loko, wato wajen gyaran kawunan jirgi, yai aiki shekara da shekaru, shi ya sa bakin rigarsa ya goge wani ɗan farantin ƙarfe a ƙasan ɗakin direba da ni ban ma lura da shi ba, sai ga sunan kamfani da shekarar ƙira sun fito raɗau. Yace wannan ne takardar haihuwarsa, kuma shi ɓarayin ƙarfe suke fara ɓallewa.

To ki riƙe wannan, kowane kai ki masa hoto uku aƙalla: ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya lambarsa, ɗaya farantin in yana nan. Na gaba ɗayan kar ki tsaya dab da goshinsa, ki koma gefe kaɗan yadda fuska da tsawon jiki zasu fito tare, ki ɗan rusuna, nan zaki ga girmansa. Ki je da sassafe ko bayan la'asar, rana tsaka tana wanke kala ta bar ƙafafun cikin baƙar inuwa. Lokacin hazo wasu suna ƙin fita, ni kuma shi nafi so, tsatsa da tsohon fenti suna wani irin kyau a ciki, ki dai dinga goge gilashin wayar, kuma banda zum, gara ki taka ki matsa. Kar ki tsaya ko ki zauna akan kwangiri don kinga yayi tsatsa, kar ki shiga ƙarƙashin tarago, ki kuma kula da maciji a ciyawar.

Sannan ranar da kika ɗauka ki rubuta wuri da kwanan wata da lamba, hoto ba bayani bayan shekara biyar ke kanki sai kin yi musu da kanki. In kin samu dattijo irin nawa ki nemi izini ki naɗi muryarsa, don gaskiya ni nafi jin takaicin muryar baban nan da ban naɗa ba akan duk hoton da ya taɓa ɓace min, da na koma bayan shekara biyu benci ne kawai, kan jirgin ma ance an yanka an loda.

TAMBAYA: Babana ne yasa in tambaya, wai jirgin Nguru da suke hawa suna samari yaushe aka yi layinsa, kuma irin na Abuja ne? (Daga Yakasai)

AMSA: A gaida Baba da kyau. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma aka gama shi a 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori, kuma gyaɗa ce babban dalilinsa, ita da fata da shanu. Ba irin na Abuja bane, shi tsohon layi faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, sabon kuwa ya fi shi faɗi, ya kai mita 1.435, don haka kan jirgin da Baba ya sani ba zai taɓa hawa sabon layin Kaduna ko na Maraɗi ba. Dan Allah ka zaunar da shi da daddare ka kunna rikodin ɗin waya, ka ce ya lissafo maka tashoshin ɗaya bayan ɗaya da abin da ake tallansa a kowacce ta taga, ka turo mana mu buga.