Yadda ake gano tarihin kwarin Tano daga amon sauti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Aboabo, Kumasi. An nuna mana hoton sismik (hoton duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ake samu daga amon sauti) na kwarin Tano, wanda ke ƙarƙashin teku a gaɓar yammacin Ghana, layi-layi baƙi da fari, aka ce da shi ake sanin abin da ya faru shekaru miliyan 100 da suka wuce. Ta yaya hoton yau zai ba da labarin wancan zamani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara riƙe wannan: lokaci ne na'urar ke aunawa. Jirgi yana harba matsattsiyar iska cikin teku, sautin ya nutsa, ya bugi iyakar duwatsu biyu masu bambancin tauri, ya dawo, na'urorin sauraro su kama shi. A ruwa sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a dutse mai tauri yakan ninka haka sau uku. Duk wanda ya kuskure lissafin gudun wajen mayar da lokaci zurfi, zai ga tudu inda babu shi.

Tarihin kuwa yana cikin yadda shimfiɗun laka da yashi suka zauna da juna. Duba tsaga guda, wato inda duwatsu suka karye wani ɓangare ya gurgusa. Idan kaurin shimfiɗa ɗaya ne a ɓangarorinta biyu, ta riga tsagar kwanciya. Idan ta fi kauri a ɓangaren da ya zurma, to ana tara ta tsagar na motsi. Wadda ta ratsa ta sama ba karaya, bayan motsin ya tsaya ta zo. Haka in ka ga shimfiɗu sun karkace, an yanke kawunansu, wasu sun kwanta a miƙe a kai, ƙasa ta taɓa ɗagawa, zaizaya ta cinye wani sashe.

Daga nan sai a koma baya, kamar mai warware rawani daga naɗin ƙarshe. A cire shimfiɗar sama a kwamfuta, a mayar wa na ƙasa kaurin da nauyi ya matse (laka takan rasa fiye da rabin kaurinta), a mayar da kowace tsaga mazauninta. In ɓangarorin ba su haɗu ba, fassarar ce ke da gyara.

A Tano akwai wani tarko da nake so ɗalibanmu su sani. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, shekaru miliyan 120 zuwa 100 da suka wuce, gaɓarmu ta Ghana goguwa ta yi gefe da gefe ta tsagar Romanche, wata doguwar tsaga a ƙasan tekun Atlantika. Don haka dutse ya fice daga layin da kake kallo, yanka guda ba zai taɓa daidaita ba. Shi ya sa na fi amincewa da sismik mai fuska uku (mai nuna tsawo da faɗi da zurfi tare) a nan.

Shekaru kuma rijiyar da aka haƙa don neman mai ke ba da su, daga ƙananan burbushin halittu da ke cikin dutsen da aka haƙo. Ta haka aka san yashin da ke riƙe da man Jubilee (filin mai da ke kwarin Tano), wanda aka gano a 2007 aka fara fitarwa a Disamban 2010, ya kwanta kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce, bayan tsagogin farko sun lafa. Idan aka sake nuna maka hoton, ka tambayi inda rijiyar take a kansa, daga nan ka fara bin layukan.