Tambaya: wani ya kunna mitar shagonsa ba tare da ya biya ba, shin kullen bayanaina ne ya karye?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege: Assalamu alaikum Injiniya. Ina haɗa ƙananan mitocin wuta da cif ɗin ESP32 da layin waya, ina saka wa shagunan da ke cikin wata kasuwa, idan kuɗin mutum ya ƙare sai saba, wato kwamfutar da ke kula da mitocin, ta tura saƙo ta yanke wutar. Wani yaro a kasuwar Computer Village da ke Ikeja ya ce min AES, sanannen tsarin kulle bayanai, ya yi wa wannan cif ɗin nauyi, sai ya rubuta min nasa tsarin kulle saƙo, ya ce babu wanda ya san yadda yake aiki sai shi. Yanzu shago biyu na samu a kunne alhali ba su biya ba. Wallahi hankalina ya tashi, masu kasuwar ni suke kallo. Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Hankalinka ya kamata ya tashi, amma abin gyaruwa ne, ka kwantar da rai mu bi shi.

Maganar cewa AES ya yi wa ESP32 nauyi ƙarya ce tsagwaronta. Wannan cif ɗin yana gudu har megahaz 240, kuma a jikinsa akwai sashe na musamman da aka gina don lissafin AES da SHA (tsarin gane ko an taɓa bayanai), wato ba ma sai firosesa ta wahala ba. Mbed TLS, manhajar da ke yin wannan kullen, tana cikin kayan aikin Espressif, kamfanin da ke ƙera ESP32, tun daga farko, kyauta. Ko da a ce na'urarka ƙarama ce sosai irin mai batir ɗin agogo, yanzu akwai Ascon, wanda hukumar NIST ta Amurka ta zaɓa a Fabrairun 2023 bayan gasar shekaru da masana daga ko'ina suka yi ta ƙoƙarin karya tsare-tsaren da aka gabatar. An tsara shi ne daidai don irin waɗannan ƙananan na'urori, makullinsa bit 128, yana kulle saƙo kuma yana gane idan an taɓa shi a hanya. To ina uzurin?

Yanzu ga abin da ke ƙona min rai, don kusan kullum sai na ci karo da shi a Legas. Mutum zai zauna a teburinsa cikin dare ɗaya ya ƙirƙiro nasa tsarin, ya ce ai sirri ne, tunda babu wanda ya sani babu wanda zai fasa. Ni na buɗe irin waɗannan da yawa, kuma kusan duk abu ɗaya ne: ya ɗauki saƙon ya yi masa XOR, wani sauƙaƙan lissafi na cakuɗa bit, da wata gajeriyar kalma yana maimaita ta, sannan ya mayar da shi Base64, wata hanyar rubuta bayanai da haruffa, ya ga haruffa sun cakuɗe kamar rubutun aljanu sai ya ce shikenan an kulle. Base64 ba kulle ba ne malam, duk yaron da ke da waya zai warware shi a daƙiƙa. XOR ɗin kuma, tunda saƙonninka duk da kalma ɗaya suke farawa, lambar mita ko kalmar kunna, wanda ya san farkon saƙon zai haɗa shi da kullallen saƙon makullin ya fito masa a fili. Ba sai ya zama gwani ba.

Kuma sirrin da ake taƙama da shi, ina yake zaune? A cikin mitar da ke manne a bangon shagon wanda yake son satar wutar. Ya kwance sukurori huɗu, ya jona wayoyi kan fil ɗin cif ɗin, ya yi amfani da manhajar esptool ya kwashe duk abin da ke cikin filash, wato ma'ajiyar bayanan mitar, a 'yan mintuna, ya kai wa wani a Ikeja ya karanta masa. Manyan kamfanoni ma sun gwada wannan hanyar sun sha kunya. Katin Mifare Classic da aka yi ta amfani da shi a jiragen ƙasa da ƙofofin ofisoshi a Turai, tsarin kullensa Crypto-1 a ɓoye yake, sai ga masu bincike sun tono shi daga jikin cif ɗin, zuwa 2008 an fasa shi. Kamfani mai injiniyoyi da kuɗi kenan, balle yaron da ya rubuta naka tsakanin gyaran waya biyu. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs, wani masanin kulle saƙo, ya faɗa cewa tsarin kulle ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san yadda yake aiki, makulli kaɗai ne sirri. Kamar kwadon ƙofa ne, kowa ya san yadda cikinsa yake, amma ba kowa ke da ɗan makullin ƙofarka ba. Duk wanda ya ce maka tsaron kayansa ya dogara da cewa ba a san dabararsa ba, ka karɓi kayanka ka tashi, kada ka ƙara masa ko kwabo.

Shagunan nan biyu kuwa, abu biyu nake zato. Ko dai makulli ɗaya ne a duk mitocin, an buɗe ɗaya an samu na kowa, ko kuma an naɗi saƙon kunna wuta na ranar da mutum ya biya, ana sake tura shi. Wannan na biyun ko da AES kake amfani zai iya cinka idan babu lamba mai ƙaruwa a kowane saƙo. Mita ta riƙa tuna lambar ƙarshe da ta karɓa, ta ƙi duk wadda ba ta fi ta ba. Ka ajiye wannan lambar a filash, ba a RAM ba, wadda ke gogewa idan wuta ta ɗauke, don a Legas wuta na iya ɗaukewa sau nawa a rana, duk ɗaukewar NEPA lissafin ya koma sifili, tsohon saƙo ya sake zama sabo. Haka ma lambar da ba a maimaitawa wadda AES-GCM (wani salon amfani da AES) da Ascon ke buƙata a kowane saƙo, idan ta maimaitu da makulli ɗaya kullen ya yi rauni sosai, musamman a GCM.

Abin da za ka yi makon nan: ka cire tsarin yaron nan gaba ɗaya. Idan da tsarin aika saƙo na MQTT mitocinka ke magana da saba, ka bar tashar 1883 marar kulle ka koma 8883 da TLS, wato kullen hanyar sadarwa, mita ta riƙa tantance satifiket ɗin saba. Kowace mita nata makullin daban, a ƙirƙire shi lokacin haɗa ta. Ka kunna kullen filash da tantance manhaja lokacin tashi, amma ka gwada a allo guda tukuna don fiyus ɗin eFuse da ke cikin cif, wanda ake ƙonawa don kunna su, idan ka ƙona shi ba ya dawowa. Ka duba ko akwai Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa ba kulle, ko kalmar sirrin kamfani da aka bari, da irin wannan sakacin muguwar manhajar nan Mirai ta kame kyamarori da rauta (na'urorin raba intanet) masu ɗimbin yawa a 2016.

Sannan ka je ka samu shugabannin kasuwar ka faɗa musu gaskiya cewa tsoffin mitocin duk sai an sake musu manhaja ɗaya bayan ɗaya da hannu, ka fara da layin da shagunan nan biyu suke.