Filin Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Shuka Dankalin Turawa a Lambun Gida a Sakkwato?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan fili a bayan gidanmu inda nake shuka alayyafo da salak, kuma bana ina sha'awar in gwada dankalin turawa mai saurin nuna. Ɗana ya duba mini a intanet, ya ce a watan Maris ake shuka shi, amma wani maƙwabcinmu da ya taɓa zama a Jos ya ce dankalin turawa ba ya yi a ƙasar Sakkwato ko kaɗan saboda zafi. Wane zance zan kama a cikin biyun nan, kuma idan yana yi, yaushe ya dace in sa iri a ƙasa?
Daga wata uwargida, unguwar Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dankalin turawa yana yi a Sakkwato, amma sau ɗaya tak a shekara, kuma lokacin shukarsa shi ne daga farkon watan Nuwamba zuwa wajen 20 ga watan. Abin da ɗanki ya karanta ba ƙarya ba ne, sai dai ba domin mu aka rubuta shi ba. A ƙasashe irin su Ingila, abin da mai lambu yake tsoro shi ne sanyin da ke daskarar da raɓa ya ƙone ganyen shuka, don haka yakan jira sai ƙasa ta fara ɗumi a watan Maris, sannan ya shuka, ya haƙe a watan Yuni ko Yuli. Mu kuwa a nan Maris ita ce ƙofar bazara, kuma duk wanda ya binne dankali a lokacin, kafin Afrilu ta kawo zafinta da kan haura digiri 40 da rana, irin ya dahu a cikin ƙasa.

Dalilin yana cikin halin shukar kanta. Asalin dankalin turawa daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajejen ƙasashen Peru da Bolibiya, kuma har yau bai bar ɗabi'ar mutanen kan tudu ba. Ganyensa yana iya jure zafin rana gwargwadon hali, amma 'ya'yan da ke ƙarƙashin ƙasa ba sa ƙulluwa yadda ya kamata sai zafin ƙasar yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, kuma idan ya doshi digiri 30, ƙulluwar takan kusan tsayawa cak. Sanyin dare ya fi komai muhimmanci a nan, domin abincin da ganye ya haɗa da rana, idan daren ya yi zafi, shukar takan ƙone shi wajen numfashi da ƙara tsawo, maimakon ta tura shi ƙasa ya zama dankali. Wannan ne ya sa mafi yawan dankalin da muke ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake zuwa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda tudun ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma dare yake da sanyi ko da a damina. Maƙwabcinki ya ga wannan da idonsa, shi ya sa ya yanke hukunci, amma ya manta cewa abin da tudu yake ba mutanen Jos, hunturu yana ara mana shi na kimanin wata uku. Makwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun daɗe da gane haka, domin a yankin Bonkuku da ke ƙasar Filinge, wadda ba tudu ba ce, a lokacin sanyi suke noman dankalin turawa da ban ruwa, har ya zama sana'ar da aka san su da ita.

Sai mu yi lissafi tare. Irin da ake cewa mai saurin nuna yakan isa haƙa cikin kwana 75 zuwa 90, kamar dai yadda gero yake riga maiwa shiga rumbu. Idan kika shuka ranar 10 ga Nuwamba, tsiron zai huda ƙasa cikin mako biyu zuwa uku, ya fara ƙulla 'ya'ya wajen tsakiyar Disamba, sannan 'ya'yan su yi ta cika a cikin Disamba da Janairu, watannin da sanyin asuba a Sakkwato yakan sauka zuwa wajen digiri 15, kuma kwana 90 za su cika ranar 8 ga Fabrairu, kafin iska ta juya. Idan kuwa kika jinkirta zuwa 20 ga Disamba, kwana 90 ɗin nan sai 20 ga Maris za su cika, wato makonnin da dankalin ya fi bukatar sanyi domin ya yi nauyi sun faɗa cikin zafi ke nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zauna yana jiran sanyi ya kankama tukuna. Ranar da kika ga mutanen gida sun fara ɗumama ruwan alwala da asuba, to kin riga kin makara da kusan wata guda, domin a wannan rana ya kamata a ce shukarki ta rufe kunya da ganye tana ƙulla 'ya'ya. Alamar da za ki bi ita ce ta farkon sauyi, lokacin da masu kwana a tsakar gida suka fara komawa ɗaki, iska ta fara busowa daga arewa maso gabas, leɓe ya fara bushewa. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko, na shuka a farkon Janairu, shuka ta yi kore shar, ta kai mini gwiwa, duk wanda ya leƙo yana yaba ta, amma da na sa fartanya a ƙarshen Maris, abin da na tono bai fi girman goro ba, kuma duka kunya huɗu ba su cika kwanon awo ɗaya ba. Gaggawa ma tana da nata aibin, domin a watan Oktoba damina ta ɗauke amma ƙasa tana nan da zafinta, kuma irin da aka binne a ƙasa mai zafi da danshi ruɓewa yake yi tun bai tsiro ba.

Tun daga tsakiyar Oktoba ki fara gyaran wuri. Ki zaɓi inda rana take samu sosai, wanda ba a shuka tumatir ko tattasai ko gauta a cikinsa bara ba, saboda danginsu ɗaya da dankali kuma cututtukansu na cikin ƙasa ɗaya ne. Ki zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, a yi kunyoyi da tazarar santimita 75 a tsakaninsu, a binne iri da zurfin santimita 10, tsakanin kowane iri da ɗan'uwansa santimita 30, wato kimanin taƙi ɗaya da rabi. Ki jiƙa kunyar tun ana gobe shuka, ki yi shukar da yamma bayan la'asar, sannan ki lulluɓe kunyoyin da busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa, wanda a wurinmu ba ado ba ne, domin shi yake hana rana gasa ƙasar, amma ki riƙa ɗaga shi kina duba gara. A ƙasa mai rairayi irin ta galibin gidajen birni, ban ruwa duk bayan kwana biyu ko uku ya wadatar, muddin ruwan ba ya kwanciya. Idan shukar ta kai tsawon taƙi guda, ki ja ƙasa ki tara mata a gindi, saboda dankalin da ya leƙo waje rana ta taɓa shi yakan koma kore, kuma wannan koren yana da dafi, ba a cin sa. Idan ganye ya fara yin rawaya, ki tsayar da ruwa na kwana 10, fatar dankalin ta yi ƙwari, sannan ki haƙe da sassafe.

TAMBAYA: Malam, ko zan iya sayen dankalin da ake sayarwa a kasuwa domin ci in yi iri da shi?
Daga wani magidanci, Wurno.

AMSA: Za ka iya, Malam, amma da sharaɗi. Dankalin da aka haƙe kwanan nan barci yake yi na wata biyu zuwa uku, kuma ko ka binne shi ba zai tsiro ba, sai dai ya kwanta a ƙasa yana cinye maka kwanakin sanyi. Wanda aka haƙe a Filato a watan Yuli ko Agusta shi ne yake farkawa daidai lokacin shukarmu, don haka ka tambayi mai sayarwa yaushe aka haƙe shi, ka kuma nemi irin su Nicola ko Marabel, waɗanda manoman can suka sani sosai kuma sukan nuna cikin kimanin wata uku. Ka zaɓi masu girman ƙwan kaza, marasa tabo ko laushi, ka yanka ɗaya ko biyu ka duba, idan ka ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, ka bar wannan buhun gaba ɗaya, domin alama ce ta cutar da ke sa shuka ta yanƙwane, kuma tana zama a ƙasa shekaru. Sauran ka baza su a kan tabarma a ɗaki mai haske da iska, ba a cikin rana ba, na mako biyu zuwa uku, har idanunsu su fito da tsiro gajere mai kauri. Tsiro dogo fari, irin na wanda ya daɗe a cikin duhun buhu, karyewa yake yi wajen shuka. Kada ka rarraba babban dankali gida biyu domin iri ya yi yawa, ko da ka ji ana yin haka a ƙasashe masu sanyi, saboda a ƙasarmu ta wurin yankan ruɓa take shiga.

TAMBAYA: Malam, me zai hana a shuka shi da damina, tunda ga ruwa kyauta?
Daga wata ɗaliba, Gwadabawa.

AMSA: Ruwa ba shi ne matsalar ba, 'yata. Daren damina a Sakkwato ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 20 ba, ga ƙasa jiƙe da ɗumi, don haka ganye za ki samu da ruɓaɓɓen iri. Filin nan ki ba kudaku shi, wato dankalin Hausa, wanda danginsa daban ne kuma zafi ba ya damun sa. Idan kika dasa reshensa a watan Yuli, za ki tone shi wajen ƙarshen Oktoba, ki sami mako ɗaya ko biyu na zuba taki da gyara kunya kafin 10 ga Nuwamba.