Amsa ga Alhajin da ke neman zaɓi tsakanin iPhone 15 Pro Max da Galaxy S24 Ultra

Assalamu alaikum Alhaji. Tun daren jiya na ga tambayarka, amma na bari sai da na samu natsuwa, domin kuɗin da za ka zuba sun wuce a ba ka amsar layi biyu. Idan na fahimce ka daidai, shadda da atamfa kake sayarwa a Kantin Kwari, yawancin cinikinka yanzu ta WhatsApp yake shigowa, layinka biyu, kana leƙa Maraɗi lokaci-lokaci, ka daɗe a kan Android, kuma kuɗin hannunka za su ɗauki ɗaya cikin biyun nan amma ta hannu, ba sabuwa a kwali ba. Ni huluna da takalma nake sayarwa, ni ma ta waya. Na riƙe iPhone 15 Pro Max sama da shekara guda, yanzu kuma S24 Ultra ce a aljihuna, don haka abin da na gani zan faɗa maka, ba jita-jita ba.

Da ni ne kai, S24 Ultra zan ɗauka. Ba don ta fi iPhone ba, akwai wuraren da iPhone ta sha gabanta kuma zan faɗa maka su ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Dalilina shi ne yanayin aikinka, kuma babban abin da ya ja ni gefen nan shi ne maganar layi.

Mutane da yawa ba sa tambayar wace ƙasa aka yi wa wayar kafin su biya kuɗi, alhali a nan matsalar take. Tun daga iPhone 14, a 2022, duk iPhone ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da wurin sa sim kwata-kwata, eSIM kawai take ɗauka, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da kati ba. Kuma irin waɗannan su ne suka cika kasuwar wayoyin hannu, su ne kuma suka fi araha, shi ya sa ake saurin miƙa wa mai saye su. Gaskiya ne MTN da Airtel suna mayar da layi eSIM, ni ma na yi, kuma yana aiki lafiya lau, har lambobin banki da ake dannawa da tauraro duk suna tafiya. Amma ka yi tunanin ranar da wayar ta faɗi ta mutu, ko caji ya ƙare kana tsakiyar kasuwa. Da kati ne, sai ka zare ka sa a ƙaramar wayar yaron shagonka, alat ɗinka ya ci gaba da shigowa, kwastoma ya same ka. Da eSIM kuwa sai ka koma ofishin kamfanin layin. Sannan in ka tsallaka Maraɗi ka sayi layin can, ina za ka sa shi?

Yadda za ka gane ƙasar da aka yi wa iPhone: ka shiga Settings, General, About, ka dubi lambar samfurin. In ta ƙare da LL/A, ta Amurka ce. In ZA/A ce, ta Hong Kong ce, ita kuma kati biyu take ɗauka, shi ya sa kuɗinta ya fi. Na Turai da mafi yawan sauran ƙasashe kati ɗaya ne da eSIM. Akwai kuma waɗanda ake kawowa 'yan Amurka ne amma an buɗe su an yanka musu wurin sim. Wannan kam ina roƙonka kada ka taɓa ta ko nawa aka rage maka, domin wayar da aka fafe ba ta da sauran kariya daga ruwa da ƙura, kuma ba ka san hannun da ya yi aikin ba.

A gefen Samsung ma sai ka duba. Wadda lambarta ta ƙare da S928B ita ce ta kasuwannin duniya, mai DS a ƙarshe kati biyu take ɗauka, ga kuma eSIM a kai. Mai S928U ta Amurka ce, kati ɗaya ne, kuma wani lokaci a kulle take da kamfanin layin can. Kai S928B za ka nema.

Abu na biyu WhatsApp ɗinka. Na san a cikinsa akwai lissafin wanda ya karɓi turmi goma bai biya ba, da hoton rasit, da saƙon murya na shekara uku da suka wuce wanda wata rana shi zai raba gardama. Daga Android zuwa Samsung, ajiyar da ke Google Drive ɗinka ita za ka sauke, kafin ka sha shayi komai ya dawo. Amma iPhone ba ta karanta wannan ajiyar. Sai ka bi ta manhajar Move to iOS, kuma dole iPhone ɗin ta kasance a goge tas kamar sabuwa, wayoyin biyu suna kusa da juna a kan caji. Ana yi, ni ma ta nan na bi, amma ya ci mini yamma guda, kuma ga mai hotunan kaya dubbai aiki ne mai son haƙuri. Bayan haka, tun Oktoban 2023 WhatsApp na Android yake ɗaukar lamba biyu a manhaja ɗaya, ga kuma Dual Messenger na Samsung, wanda ke ba ka WhatsApp na biyu a waya ɗaya. Lokacin da nake kan iPhone, WhatsApp na sa wa layi ɗaya, WhatsApp Business na sa wa ɗayan, ya wadatar da ni, amma a lokacin mai lamba ta uku yakan ji takura. Ka kuma sani kyautar wurin ajiya ta iCloud, wato ma'ajiyar Apple, gig 5 ce, ta Google gig 15.

Yanzu inda iPhone ta yi nasara, kuma ya shafe ka kai tsaye: kala da bidiyo. Kada adadin megafiksel ya ruɗe ka. Samsung tana da 200, iPhone 48, amma hoton da ka tura ta WhatsApp ko ka ɗora a status matse shi ake yi, kwastoma ba zai ga wannan bambancin ba. Abin da zai gani shi ne kala. Akwai ranar da na shimfiɗa wata hula zanna bukar mai ruwan toka da ratsin shuɗi a bakin ƙofar shago da misalin ƙarfe goma na safe, na ɗauke ta da wayoyin biyu a jere, sannan na ajiye su gefen hular ina kallo. Hoton iPhone ya fi kusa da abin da idona ke gani. Na Samsung ya fi ɗaukar ido, shuɗin ya ƙara kauri, zaren ya fito raɗau, kyakkyawa ƙwarai, amma ya ɗan zarce hular. Kai da ke sayar da shadda ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi: mutum ya zaɓi ruwan sararin samaniya a hoto, kaya su isa Kaduna ya kira ya ce ba wannan ya gani ba. Abin yana gyaruwa. Ni na shiga saitin kyamarar na rage ƙarin gyaran da take yi wa hoto da kanta, kuma ina ɗaukar kaya a inuwa mai haske, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, ba kuma cikin tsakar rana ba. Tun da na yi haka ban sake samun ƙorafin kala ba. Amma gaskiya iPhone ba ta buƙatar wannan ɗawainiyar.

Bidiyo kuwa, musamman in za ka riƙa ɗora shi a Instagram ko TikTok, iPhone ce gaba a ganina. In kana juya Getzner a hannu don ƙyallinta ya fito, hasken ba ya tsalle, hoton ba ya rawa. In da ka ce mini bidiyo ne ƙashin bayan cinikinka, da amsata ta canza.

Sai rana. Gilashin S24 Ultra, wanda suke kira Gorilla Armor, yana rage ƙyallin da ke mayar da waya madubi, kuma haskenta yana kaiwa nit 2600 (ma'aunin hasken gilashi ke nan), na iPhone 2000. A takarda bambancin kamar ba yawa, amma ka tsaya a bakin titi da azahar kana neman karanta alat, a nan za ka gane. Wannan na cikin abubuwan da suka fi burge ni a wayar. Sai dai in ka manna mata gilashin kariya na gama-gari, amfanin ya tafi, don haka ka nemi mai kyau. Batirinta mAh 5000 ne, tana shan caji har wat 45, wanda ke da amfani ga mu da wuta ke zuwa ta awa ɗaya ta ɗauke. Dukansu biyu suna kai ni dare in na fita da su a cike, ban ga wani tazarar da za a yi gardama a kai ba. Dukansu USB-C ne, kuma babu wadda ke zuwa da kan caja ko da sabuwa ce, sai ka ware kuɗin caja ta asali. Kada ka sayi waya irin wannan ka haɗa ta da cajar bakin titi.

Game da zafi, Apple da kansu sun ce a yi amfani da wayar tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa watan Afrilu a Kano muna haura 40. Kowacce ka saya za ta ɗumama ta rage haskenta in ka daɗe kana bidiyo a rana. Maganar zafin iPhone 15 Pro da aka yi ta yayatawa farkon fitowarta, an fitar da iOS 17.0.3 a Oktoban 2023 don magance ta. Dukansu suna da saitin tsayar da caji a kashi 80, ka kunna shi in kana yini kusa da soket, kuma kada ka bar waya a gaban mota.

Alƙalamin S Pen da farko na ɗauka kwalliya ce. Yanzu in mutum ya karɓi kaya zai kawo ciko, zare shi kawai nake yi, ko buɗe wayar ban yi ba, na rubuta a kan baƙin gilashin, ya ajiye da kansa. Ga ɗan kasuwa wannan littafin bashi ne a aljihu. Amma kada ka saya don fassarar kiran waya da aka yi ta talla: harsuna 13 ta fito da su, babu Hausa a ciki.

In kai mai canza waya ne duk shekara, ka sani iPhone ta fi riƙe daraja. Ta fito a Satumban 2023 a kan dala 1,199, S24 Ultra ta fito a Janairun 2024 a kan dala 1,299, amma ka zaga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka tambayi kuɗin na hannunsu, za ka ga wadda ta fi saurin sauka. Ranar musaya cikon mai iPhone ya fi sauƙi. Sai dai wannan faɗuwar ribarka ce yau tunda ta hannu za ka saya, kuma Samsung sun yi alkawarin sabunta ta shekara bakwai, wato har 2031. Apple ma ba baya ba ne a nan, iPhone XR ta 2018 ta samu iOS 18 a 2024. In riƙewa za ka yi shekara uku ko huɗu, maganar daraja ba ta kai ta hana ka barci ba.

Abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne hannun da za ka saya. Na taɓa sayen waya a wani shago da yamma, ana shirin tashi, mai shagon yana ta gaggawa, na duba jikinta ba ko ƙwarzane na biya. Sai bayan sati biyu wani mai gyara ya nuna mini an canza gilashin da jabu, da na koma aka ce ba a san zancen ba. Araha ba ta ado, kuma tun ranar ba na sayen waya sai da safe, a zaune.

In iPhone ka ƙare a kai, a cikin About ɗin nan ka duba Carrier Lock, ya zama an rubuta No SIM restrictions. Ka duba Parts and Service History, a nan take tona asirin abin da aka canza mata. A sashen batir, iPhone 15 tana nuna lafiyarsa da adadin zagayen cajin da ya yi, Apple sun ce an yi shi ya riƙe kashi 80 har zagaye 1000, don haka in ka ga lafiya ɗari bisa ɗari a wayar da ta sha hannu, ka yi tambaya. Ka gwada Face ID, wato buɗe wayar da fuska, da fuskarka. Kuma lallai a goge ta a gabanka, ka sa iCloud ɗinka da hannunka, domin in na wani yana kai, ranar da ta kulle ba mai buɗe maka. Ka yi hattara da tsohuwar iPhone XR da ake sa wa rigar 15 Pro, sunanta na gaskiya yana nan a About.

In Samsung ce, ka danna *#0*# a wurin kira, za ta buɗe gwajin gilashi: ja, kore, shuɗi, da na taɓawa. Ka duba kowanne a natse ko akwai layi ko tabo ko inuwar tsohon rubutu, domin gilashin nan na cikin abubuwa mafi tsada a jikinta. Ka gwada zanen yatsa, ka zaro alƙalamin ka yi rubutu, ka tabbata babu asusun Google ko na Samsung na wani a kai. A kowacce, ka danna *#06# ka sa a rubuta lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayar, a rasit tare da sunan shago da kwanakin da aka ba ka na dawowa da ita in ta nuna matsala.

Ka tafi da layukanka biyu ka sa su a wurin, ka kira, ka kunna data. Ka kuma ɗauki yanki ɗaya na shaddar da kalarta ta fi ba ka wahala a hoto, ka ɗauke ta da wayoyin biyu a ƙofar shagon, ka tura wa wani ta WhatsApp ka duba a wayarsa. In ka samu S928B mai kati biyu da gilashinta na asali, gig 256 ta ishe ka, amma tunda ba ta da wurin memori kuma hotunan kaya ba sa ƙarewa, in cikon 512 bai yi yawa ba ka ƙara. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Alhaji, in ka je ka ga lambar da ba ka gane ba ka turo mini na duba maka kafin ka biya.