An dakatar da ni daga aiki ba tare da an ji ta bakina ba, ina zan kai ƙara?

Malam, ka ce kai ma'aikacin gwamnatin jihar Sakkwato ne, an dakatar da kai ba a ba ka takardar tuhuma ba. Allah Ya kawo mafita. Wannan abu yana min ciwo, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi.

Ka fara rubuta koke zuwa Hukumar Kula da Ma'aikata ta jiha, ta hannun shugaban ma'aikatarku. Ka kai kwafi biyu, magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka, ka adana shi tare da takardar ɗaukarka aiki. Maganar baka ba ta zama hujja. Ka kuma sanar da ƙungiyarku ta ƙwadago.

In sun yi shiru, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin irin wannan shari'a bisa sashe na 254C, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Don Allah kada ka bari wata 3 su cika kana jiran a sa maka baki, lauyoyin gwamnati kan ce lokacin shigar da ƙara ya wuce. Ka ga lauya tun yanzu.